Yadda ake sa sabon allon cikin ƙofa a tsohuwar Fijo 504

Duk wanda ya ɗauko tsohuwar mota da niyyar maido ta yadda take a da, inji yake fara bi, daga nan ƙafa da birki, sannan ya kai ta wajen mai fenti. Allon cikin ƙofa, wannan shafaffen allo mai rufin leda da ke ɗauke da hannun ɗaga gilashi da majinginin hannu, shi ake bari sai ƙarshe, lokacin da aljihu ya yi sauƙi kuma haƙuri ya ƙare. Sai a ce wa yaron gareji ya maƙala shi kawai a wuce wurin. Damina ɗaya tak, ka ga gindin allon ya kumbura ya bankare, ledar ta saki, ƙofa tana ƙara duk sanda taya ta faɗa rami. Mai mota ya ɗora laifin a kan allon, alhali ɓarnar daga bayansa ta fito, daga ruwa da ƙurar da ke cikin ƙofar.

Na ɗauki Fijo 504 a matsayin misali don tana cikin tsofaffin motocin da suka saura a hannun mutane a nan Maraɗi. An fara fito da ita a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma kamfanin haɗa motocin Fijo na Kaduna, wato PAN, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da haɗa ta har wajen 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Shi ya sa kayanta ba su ɓace ba a wannan yanki. Amma mai 404, ko 505, ko tsohuwar Marsandi, ko Land Cruiser ta da, kusan duk abin da zan faɗa zai yi masa aiki, don ginin ƙofofin wancan zamani iri ɗaya ne.

Wane allo za ka sa?

Hanya uku ce. Ko ka sayi sabo wanda masu kayan tsofaffin motoci a Turai ke yi kwaikwayon na asali, ko ka nemo na hannu da aka cire daga mota matacciya, a nan gida ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, ko kuma tapisiye, wato mai gyaran kujerun mota, ya yanka maka sabo ya rufe shi. Na hannu yana da daɗin cewa zanensa da launinsa na asali ne, amma ka juya bayansa kafin ka biya. In ka ga shatar ruwa a ƙasa, ko ka danna da farce ya lotsa, ko ramukan kilif, wato ƴan maƙalan da ke riƙe allo a jikin ƙofa, sun yage, ledar kawai ka saya, sai an sake masa allo.

Kada sunan 504 ya ruɗe ka. Akwai ƙaramar mai but, akwai doguwar da ake kira familiyal, akwai a-kori-kura, kuma a tsawon shekarun da aka yi ana ƙera ta an sha sauya majinginin hannu da adon ciki. Wasu gilashinsu na lantarki ne, ba su da ramin hannun juyawa. Saboda haka in za ka kasuwa, tafi da tsohon allonka a hannu, ka ɗora shi a kan wanda za ka saya. In saƙo za ka ba direba ya taho maka da shi daga Kano, ba shi tsohon ya tafi da shi. Hoton waya ba ya nuna bambancin santimita ɗaya, kuma santimita ɗaya ta isa ta hana kilif shiga.

Kayan aiki ba su da yawa: turnabis mai baki da mai kuros, lebur ɗin roba ko siririyar fatefatar katako ta ɓamɓarewa, reza sabuwa, almakashi, basilla irin ta dukawa, alli, burushin ƙarfe, tsumma, buta cike da ruwa, da gwangwanaye huɗu, kowace ƙofa da nata, don kada kusoshin gaba su haɗu da na baya.

Cire tsohon allo

Ɗaga gilashi har sama, ka ɗauki hoton ƙofar da wayarka, musamman inda hannun gilashi ya fuskanta. In akwai lantarki a ƙofar, cire kan batir.

Fara da majinginin hannu. Kusoshinsa daga ƙasa suke ko a ɓoye bayan ɗan murfin roba. Sai zoben da ke kewaye da hannun buɗe ƙofa, sai ɗan sandan kulle in yana ratsa allon. Hannun ɗaga gilashi shi ke ba mutane wuya, don ba a ganin abin da ya riƙe shi. A tsofaffin motoci abu uku ne: ko kusa mai zare a tsakiya ƙarƙashin murfi, ko ɗan siririn ƙarfe da aka soka ta gefe, ko wata lanƙwasasshiyar waya mai kama da kofaton doki da ta cije sandar. Tura allon ciki da yatsa, ka haska tocila tsakaninsa da hannun, za ka ga wanne ne. In mai sokawa ne, tura shi da ƙaramar ƙusa. In waya ce, zura gefen tsumma a tsakanin, ka ja shi dama da hagu kana zagayawa, tsumman zai kamo bakin wayar ya fito da ita. Ka sa tafin hannu ka tare, don tsalle take yi, kuma in ta faɗa yashin gareji ta tafi ke nan.

Yanzu sai kilif. Suna jere a gefe biyu da ƙasa. Zura lebur a kusurwar ƙasa, ka zame shi a hankali har ka ji ya tokare da kilif, sannan ka ɓamɓara daidai wurin. Wanda ya ɓamɓara a tsakanin kilif biyu allon zai karya, ko ya yage ramin. Kada ka yi da turnabis tsirara a kan sabon fenti. In ba ka da lebur ɗin roba, naɗe bakinsa da tsumma. In duk sun saki, duba sama. A wasu motocin allon rataye yake a bakin taga, sai an ɗaga shi sama kafin ya fito.

Ko ya ruɓe ya zama gari, kada ka yar da shi. Shi ne ma'auninka. Adon ƙarfe mai ƙyalli da ke jikinsa, da aljihun ƙasa, da tsofaffin kilif, duk za ka buƙace su.

Cikin ƙofa, inda aikin yake

Mutane da yawa ba su san cewa ƙofar mota ba a yi ta don ta hana ruwa shiga ba. Ruwa yana bin gilashi ya sauka cikinta, ya fita ta wasu ƙananan ramuka da ke can ƙasa. Haka aka tsara ta. To ka duba yanayinmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana cusa ƙura ta bakin taga, ta taru a gindin ƙofa. Bazara ta gasa ta. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ya sauka a kanta, ta zama laka, ta toshe ramukan. Ruwan Maraɗi a shekara bai wuce wajen milimita 500 ba, amma yawancinsa a ƴan makonni yake zuba, kamar da bakin ƙwarya, musamman a Agusta. Ƙofar da ramukanta suka toshe sai ta riƙe ruwa kwana da kwanaki. Ƙarfe ya yi tsatsa daga ciki, allon kuma, da yake matsattsen garin katako ne, ya sha danshi ya kumbura.

Zura hannu ta babban ramin ƙarfen ciki ka taɓa gindin ƙofar. A motar da ta shekara talatin za ka kwaso busasshiyar laka, da fasassun gilashi, da ɓawon gyaɗa, wani lokaci har da tsabar kuɗin da aka daina karɓa. Kwashe duka. In akwai mai iskar taya kusa, a hura. Sannan ka bi ramukan ƙasa ɗaya bayan ɗaya da waya har ka ga haske ta cikinsu. Mai fenti yakan toshe su da mastik, abin da yake cike lotsawar jikin mota da shi, ba da saninsa ba, don haka motar da ta fito daga fenti ta fi buƙatar wannan dubawa.

Inda ka ga tsatsa, kankare da burushin ƙarfe, ka shafa maganin tsatsa, ka bar shi ya bushe, ka bi da fentin kariya. In ƙasan ƙofar ya huje, tsaya nan, kai ta wajen mai walda tukuna. Wasu suna zuba baƙin man inji a ciki wai don hana tsatsa. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan: yana kama ƙura, yana cin roba, kuma in rana ta buga motar warinsa ba ya barin ciki. Akwai kakin feshi da aka yi don cikin ƙofa, shi ya dace, kuma bayan ka fesa ka sake duba ramukan.

Tunda ƙofar a buɗe take, gama da duk abin da ke ciki. Wanke haƙoran injin ɗaga gilashi da kananzir, ka shafa giris kaɗan, ba da yawa ba, don giris mai yawa a ƙasar ƙura yashi yake tarawa. Ɗiga mai a gaɓoɓin makulli. Girgiza sandunan da suka haɗa hannun buɗewa da makulli; ƴan robobin da ke riƙe su sukan bushe su karye, kuma su ne rabin ƙarar da ake ji a tsohuwar ƙofa. Hanyar da gilashi ke bi, mai laushi kamar gashi, ba a sa mata giris; in ta cinye a sauya ta. Robar bakin taga ta waje, wadda ke share gilashi, in ta tsage a sauya ta ita ma, don ita ke rage yawan ruwa da ƙurar da ke shiga. Ɗaga gilashi ka sauke sau da yawa, kulle ka buɗe ta ciki da ta waje. Duk abin da ka ƙyale yanzu, sai ka sake cire sabon allo kafin ka kai gare shi, kuma kowace cirewa tana rage masa ƙarfi.

Sai gwaji. Rufe gilashi, ka sa yaro ya tsiyaya ruwan buta a jikinsa ta waje, kai kana kallon ciki. Ruwan ya kamata ya sauka ya fita ta ƙasa nan take. Lura da inda yake fantsama ta ɓangaren ciki, don nan ne ledar kariya ta bayan allo za ta yi aiki.

Wannan leda ita ce abin da aka fi mantawa. Daga kamfani kowace ƙofa tana zuwa da shimfiɗar leda manne a jikin ƙarfen ciki, tsakaninsa da allon. Makaniken farko da ya gyara gilashi yakan yage ta ya yar, daga ranar allon ya fara mutuwa. Nemi leda mai kauri, irin wadda magina ke shimfiɗawa ƙarƙashin kankare, ba ledar kasuwa ba. Yanke ta ta rufe duk ramukan ƙarfen, amma kada ta kai layin ramukan kilif, kuma kada ta leƙo bayan an sa allo. Manna ta da baƙin gam mai danƙo na butil, wanda ba ya bushewa, don gobe a iya ɗaga ta a mayar. Inda sandar hannun gilashi da ta buɗewa za su fito, tsaga ƙaramin kuros kawai. Ga kuma sirrin: a kowane babban rami, manna ƙarin ƙyallen leda daga sama ta baya, ka zura bakinsa na ƙasa cikin ƙofar, yadda duk ruwan da ya fantso zai zame ya koma ciki. In ka manne ta ko'ina ba tare da wannan ba, ruwa zai taru a gindin ledar ya nemi hanya, kuma hanyar allonka ce. Sake gwajin buta. In bayan ledar ya jiƙe amma gabanta a bushe, ka gama rabin da ya fi muhimmanci.

Shirya sabon allo

Ko daga ina ya zo, juya bayansa ka shafa masa banish hannu biyu, har da gefuna da cikin ramuka, ka bar shi ya bushe sosai. Wannan yana hana shi shan danshi, yana kuma rage wa gara sha'awa in motar tana daɗewa a ajiye a kan yashi.

In tapisiye ne zai yi maka, zauna kusa da shi. Kaurin allon milimita 3 ne, ko izorel, wato matsattsen garin katako, ko siririn kwantireplake, wato katako mai falle-falle da aka manne. Ni na fi son kwantireplake don ya fi jure danshi, amma in ya fi haka kauri kilif ba zai cije ba, hannun gilashi kuma zai riƙa gogar leda. A kwantar da tsohon allo a kai a zana, amma a tuna tsohon ya bankare, ya kuma motse. Ramukan kilif a ƙofar za a auna su: manna takarda mai faɗi a jikin ƙarfen, ka goga alli ko yatsa mai datti a kai, ramukan za su fito, sai a mayar da su kan allon. Soson da za a shimfiɗa kada ya wuce milimita 3 zuwa 5. Masu son ya yi taushi sukan sa mai kauri, sai ƙofa ta ƙi rufuwa, ko allon ya riƙa gogar kujera.

Ledar rufi a yanke ta da rarar santimita 3 zuwa 4 a kowane gefe. A shanya ta a rana na ɗan lokaci ta yi laushi, a ja ta daga tsakiyar kowane gefe zuwa kusurwa, a naɗe ta baya. Gam a baya ake sa shi, a jikin allon da bakin ledar, a jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. A kusurwa a tsattsaga bakin ledar kamar haƙoran zarto don kada ta yi tudu. Tambayi gam mai jure zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana yana wuce 60, kuma gam mai araha a nan yake saki. A yi aikin da safe a inuwa, ba ranar da iska ke ɗauke da ƙura ba. Tururin gam ɗin yana kama wuta, don haka a nisanta shi da mai walda, da sigari, da murhun gawayin shayi.

Wani zai ce, muna garin jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, me zai hana a rufe da fata? Ana iyawa, kuma in baduku ya iya aikinsa abin yana da kyau ƙwarai. Sai dai fatar akuya ƙarama ce, da wuya ɗaya ta rufe ƙofar gaba ba tare da haɗi ba, kuma tana son a riƙa shafa mata mai, in ba haka ba rana ta busar da ita. Wanda ke son motarsa ta koma kamar yadda ta fito daga kamfani, leda ce tata.

Adon ƙarfe mai ƙyalli yana da ƴan kunnuwa da ake lanƙwasawa ta baya. Miƙe su a hankali, sau ɗaya, don in aka yi ta lanƙwasa su karyewa suke. Huda wurinsu a sabon allon da basilla, ka zura, ka kwantar.

Kafin ka sa kilif ko ɗaya, ɗora allon a jikin ƙofa, wani ya riƙe maka. Duba gefuna, duba ko kowane rami ya hau kan ɗan'uwansa. Sabon allo sau da yawa yana zuwa ba a huda ledarsa ba. Kada ka yanke ta bisa tsohon. Danna ledar a kan sandar hannun gilashi har kanta ya yi tudu, ka tsaga ƙaramin kuros a kan tudun. Ƙaramin rami ana ƙara shi, babba kuwa ba ya komawa, kuma zoben hannun ba zai rufe shi ba. Ramukan kusoshin majingini da basilla ake nemo su.

Kilif sabo ya fi, in an samu. Je da tsoho ɗaya wajen mai kaya don a gwada girma. In ramukan ƙarfen suna da ƴan kofunan roba da kilif ke shiga, sauya waɗanda suka fashe, don su ke hana ƙara, su ke kuma hana ruwa biyo ramin.

Ɗora shi

Sa kilif duka a allon, ka juya kowanne ya fuskanci raminsa. In allon mai rataya ne, sauke gilashi, ka fara rataya saman, ka tabbata ɗan sandan kulle ya fito ta wurinsa. In akwai wayar lantarki ko ta lasifika, haɗa ta yanzu. Wasu motocin suna da ɗan sifirin ko zoben soso a kan sandar hannun gilashi ta bayan allo. Mayar da shi kafin ka rufe.

Kada ka fara bugu. Leƙa ta gefe da tocila, ka ga bakin kowane kilif yana kan raminsa. Wanda ya kauce, gyara shi da bakin turnabis. Fara da biyun sama, dama da hagu, don su tsayar da allon daidai, sannan ka sauko gefe-gefe, ƙasa ta zo ƙarshe. Ɗora gindin tafin hannu daidai kan kilif ka danna, za ka ji ya ce ƙas. In bai shiga ba, bai hau ramin ba ne. Ƙara ƙarfi lanƙwasa shi zai yi, ko ya fasa allon ya ɓullo ta cikin leda. Guduma ba ta da aiki a nan. In ka ji yaro ya ce, "Maigida, bari in ɗan buga masa," karɓi gudumar ka ajiye.

Kafin ka mayar da hannaye, rufe ƙofar a hankali. Duba ko allon yana taɓa gefen kujera, ko gaban mota, ko robar ƙofa. In ƙofar tana buƙatar a banka ta alhali da ba ta yi, ko soso ya yi kauri ko wani kilif bai zauna ba. Sannan mayar da zoben hannun buɗewa da majingini. Kama kusoshin duka da hannu kafin ka ɗaure ko ɗaya, kuma ka tsaya da zarar ya daina motsi, don ɗaurin ƙarfi yana lotsa allon ya tattare leda. Hannun gilashi a ƙarshe: ɗaga gilashi sama, duba hoton da ka ɗauka, ka sa shi yadda ba zai tokari gwiwa ba, dama da hagu su fuskanci wuri ɗaya. In mai waya ne, sa wayar a jikin hannun tukuna, sannan ka tura shi kan sandar har ya cije.

Akwai abin da nake roƙon kowa ya bari: ɗaure allon da kusoshi masu cin ƙarfe ta saman leda saboda kilif ya ƙi kamawa. Yana ɓata fuskar allon, kowace huda sabuwar ƙofar tsatsa ce, kuma kusa mai tsawo tana iya kaiwa ga gilashi ko sandar makulli. In ramin kilif ɗaya ya yage, manna ɗan guntun kwano ko siririn katako ta baya ka sake huda shi.

Gama ƙofa ɗaya gaba ɗaya kafin ka taɓa ta biyu, kuma fara da ta baya, wadda ido bai cika kai wa ba, hannunka ya saba kafin ka zo ta direba. In ka gama, fita da motar kan hanya mai gargada, ka kashe rediyo ka saurara. Ƙara daga ƙasa kilif ne, daga tsakiya sandar makulli ce ko ledar kariya mai kaɗawa. Bayan ruwan farko mai ƙarfi, buɗe kowace ƙofa ka shafa gindin allon da hannu. In ka ji danshi, cire shi a ranar ka gyara ledar kariya tun bai kumbura ba. Kowace shekara kuma, a ƙarshen Mayu kafin ruwa ya sauka, bi ramukan ƙasan ƙofa da waya, ka gaya wa masu wankin mota su daina harba ruwan tiyo kai tsaye a bakin taga.